Yadda na zaɓi firosesa don kwamfutar aiki da gem, daga fari har ta tashi

Na rubuta wannan ne saboda mutumin da yake son haɗa babbar kwamfuta da hannunsa, wadda zai yi aiki mai nauyi da ita da rana ya kuma buga gem da dare, amma ya tsaya cak a wajen zaɓen firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A nan na fi daɗewa, a nan kuma kaina ya fi ɗaukar zafi, domin duk wanda ka tambaya yana da amsarsa, kowace amsa kuma da gaskiyarta, sai dai gaskiyar mai ita ce da irin aikinsa. Sana'ata tace bidiyo ce a DaVinci Resolve, ina taɓa zanen 3D a Blender, wani lokaci kuma ina kunna Linux a cikin Windows don gwaje-gwaje. A ɓangaren gem na fi karkata ga Microsoft Flight Simulator da wasannin gina birni da na dabarun yaƙi. Kwamfutar da nake amfani da ita a lokacin tana ɗauke da Ryzen 7 3700X, mai ƙwaya 8 (ƙwaya ita ce sashen firosesa da ke iya yin aiki da kansa), wanda ya fito a 2019. Ta yi min aiki ba kaɗan ba, amma zuwa ƙarshen 2024 aikin ya fi ƙarfinta.

Da na fara maganar canji, wani abokin aikina da ya girme ni a harkar ya ce min, "Malam, kada ka buɗe shafin kowane kamfani tukuna. Buɗe Task Manager ka zauna ka kalli kwamfutarka tana aiki, ita za ta gaya maka inda ke mata ciwo." Haka kuwa na yi. Na shiga sashen firosesa, na danna maɓallin dama a kan zanen, na sauya shi ya nuna kowane zare daban, wato kowane layin aiki da ƙwaya ke ɗauka, sai ga ƙananan akwatuna 16 a jere. Na bar tagar a gefen sikirin na ci gaba da harkokina. Idan ina matse bidiyo da HandBrake, akwatunan nan duka sai su cika maƙil, su zauna a haka har a gama. Idan kuma renda nake yi a Blender, wato fitar da kammalallen hoto daga zanen 3D, sai in ga akwatunan suna hutawa, katin girafik ne yake ta haƙilo shi kaɗai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da na ɗauki jirgi na sauko ƙasa-ƙasa a kan wani babban birni a cikin gem: akwati ɗaya ko biyu ne suka cika, sauran suna zaman banza, katin girafik ma bai cika ba, amma hoton yana ta tsinkewa. Ram ɗin kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a ciki, mai gigabait 32, da zarar na haɗa Resolve da Linux a lokaci ɗaya ya ƙare. Daga wannan kallon na gane buƙata biyu nake da su waɗanda ba sa tafiya hanya ɗaya. Aikina yana son ƙwayoyi masu yawa, gem ɗina kuma bai damu da yawansu ba, 'yan kaɗan yake so masu saurin samun bayanai.

Bayan nan na shiga karanta takardun bayanai na kamfanonin biyu, Intel da AMD, a nan ne ruɗani ya fara. Ido yana fara sauka ne a kan babbar lamba. Core i9-14900K na Intel yana kaiwa 6.0 GHz, wato ma'aunin saurin bugunsa, yana da ƙwaya 24. Ryzen 9 9950X na AMD yana tsayawa a 5.7 GHz da ƙwaya 16. Mai kallo daga nesa zai ce ai an gama magana. Sai da na nutsu na ga cewa ƙwaya 24 ɗin nan ba iri ɗaya ba ne: 8 manya ne masu ƙarfi, 16 kuma ƙanana ne masu tsimin wuta, jimillar zarensu 32. Na AMD kuwa duka 16 ɗin manya ne, kowace tana ɗaukar zare biyu, shi ma 32 ke nan. Core Ultra 9 285K na Intel, wanda sabo ne a lokacin, yana da ƙwaya 24 a tsari irin na 14900K, amma zarensa 24 ne kawai, domin an cire masa fasahar da ke sa ƙwaya ɗaya ta riƙe zare biyu. Shi ma GHz ba a auna shi tsakanin zubi biyu mabambanta, saboda yawan aikin da kowane zubi yake yi a bugu ɗaya ya bambanta. Haka batun wuta: za ka ga an rubuta wat 125 a gaban 14900K, amma can ƙasa a takardar akwai wata lamba, wat 253, wadda ita ce yake iya ja idan aiki ya yi nauyi, ita ce kuma ya kamata ka yi lissafin sanyaya da ita.

Da takardun suka kasa raba min gardama sai na koma wajen masu gwaji masu zaman kansu. Su ma sai da na koyi karanta sakamakonsu. Na daɗe ina mamakin dalilin da ya sa suke gwada firosesa mafi tsada a 1080p, ƙudurin hoto da ke ƙasa da 4K, alhali babu mai sayensa don ya yi wasa a haka. Dalilin shi ne a 4K katin girafik ne yake gajiya da wuri, sai duk firosesoshin su fito kusan kunnen doki, ba za ka gane wanda ya fi ba. Sai an sauke wa katin nauyi sannan bambancin ya bayyana. Na kuma daina kallon matsakaicin firam a sakan kawai, na koma kallon layin da ke ƙasansa, wanda ke nuna kashi 1 cikin 100 na firam mafi jinkiri, domin shi ne yake fassara tsinkewar nan da nake gani a kan birni. A ɓangaren aiki kuma na daina ɗaukar makin Cinebench, manhajar auna ƙarfin firosesa, a matsayin hukunci. Yana nuna ƙarfin ƙwayoyi gaba ɗaya idan an cika su, wannan gaskiya ne, amma mai aiki da manhajar zanen injiniya irin SolidWorks, wadda mafi yawan ayyukanta suke rataye a kan ƙwaya ɗaya, wannan makin ba zai amfane shi da komai ba. Na riƙa neman gwajin da aka yi da ainihin manhajojin da nake buɗewa kullum.

Intel na fara aunawa da gaske, kuma 14900K ne ya fara fita daga lissafina. A 2024 kamfanin da kansa ya tabbatar da cewa wasu firosesoshinsa na ƙarni na 13 da na 14 suna fama da rashin daidaito saboda ƙarfin lantarki da ya wuce kima, ya fitar da gyare-gyare ta hanyar BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, a watannin Agusta da Satumba, ya kuma ƙara shekara 2 a kan garantinsu. Gyaran yana hana lalacewa nan gaba, amma ba ya dawo da wanda ya riga ya taɓu. Wanda yake da shi a hannu, ya sabunta BIOS ya ci gaba da aikinsa. Ni da nake farawa daga tushe, sai na ga wani dalilin ma ya ishe ni: soket ɗinsa, wato gurbin da firosesa ke zama a ciki, mai suna LGA1700, ya zo ƙarshen hanyarsa, babu wani sabon zubi da zai hau kansa. Shi kuwa 285K, wanda ya fito a Oktoban 2024 a kan sabon soket LGA1851, ya daɗe a raina. A aikin ƙwayoyi da yawa yana kafaɗa da kafaɗa da 9950X, ya fi 14900K tsimin wuta, kuma yana da Quick Sync, wato sashen da ke warware bidiyo a cikin firosesan kansa. Ga mai tace bidiyo wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yana iya warware H.265 mai bit 10 da launi 4:2:2, irin wanda kyamarori da yawa suke ɗauka yanzu, wanda kuma yake wahalar da kwamfuta idan babu sashe na musamman da zai ɗauke shi. Inda ya rage min armashi shi ne gem, domin a gwaje-gwajen farko ya zo bayan 14900K ma a wasanni da dama. Da NVIDIA ya fito da katunan RTX 50 a farkon 2025 suna warware 4:2:2 da kansu, kuma dama cikinsu zan ɗauki kati, sai babban dalilin da ya riƙe ni a wajen Intel ya tafi.

A ɓangaren AMD kuma sai na tsinci kaina a tsaka mai wuya. Maganar duk ta ta'allaƙa ne a kan kash, wata 'yar ma'ajiya mai tsananin sauri da ke cikin firosesa. Kamar tela ne da teburinsa: idan teburin yana da faɗi, zare da almakashi da yadi duk suna gabansa, idan kuma ƙarami ne, kowane lokaci sai ya tashi ya je ɗaki ya ɗauko, keken yana tsaye yana jiransa. Gem yana yawan neman ƙananan bayanai a warwatse, don haka duk tafiyar da aka rage zuwa ram riba ce. Tun 2022, da 5800X3D, AMD ya fara ɗora ƙarin kash a kan firosesa, sannan a Nuwamban 2024 ya fito da Ryzen 7 9800X3D mai megabait 96, wanda masu gwaji suka haɗu a kan cewa ya yi wa sauran fintinkau a gem. A wannan zubin an mayar da ƙarin kash ɗin ƙarƙashin ƙwayoyin maimakon samansu, sai zafi ya samu hanyar fita cikin sauƙi. Matsalata da shi ɗaya ce, ƙwaya 8 gare shi, daidai da wanda nake neman rabuwa da shi. A ɗaya gefen ga 9950X mai ƙwaya 16, wanda zai share min hawaye a wajen aiki, amma kash ɗinsa megabait 64 ne kuma a rabe gida biyu. Akwai tsohon 7950X3D na 2023 da ya haɗa biyun, sai dai na baya ne, kuma kowa ya san magajinsa yana tafe.

Sai jira ya zama dole. A Janairun 2025 aka sanar da Ryzen 9 9950X3D a taron baje kolin fasaha na CES, mai ƙwaya 16 da kash megabait 128, amma bai shiga kasuwa ba sai Maris. Ba zan ɓoye ba, wannan jiran ya yi min nauyi. Ga aiki yana taruwa, ga kwamfuta tana jan ƙafa, ga kuɗi a ajiye suna kiran a taɓa su. A lokacin 9800X3D ma ya yi wuyar samu saboda yawan masu nema, har mutum ya fara tunanin ko ya ɗauki duk abin da ya samu ya huta. Abin da ya riƙe ni shi ne ƙudurin da na ɗauka cewa ba zan sayi komai ba sai na ga gwajin mutanen da ba kamfanin ke biyansu ba, domin zanen da kamfani ke nunawa a ranar sanarwa wasannin da suka fi yi masa kyau yake zaɓa. Ban kuma sayi madabod, wato babban allon da duk kayan ke hawa, ko ram na ajiye ba, saboda ranakun da aka ba ka na mayar da kaya suna fara ƙirguwa ne daga ranar saye, kuma babu yadda za ka gwada madabod ba tare da firosesa ba.

Lokacin jiran na yi amfani da shi wajen auna Threadripper, manyan firosesoshin aiki na AMD, domin duk wanda ya ce kwamfutar aiki yake haɗawa sai zuciyarsa ta leƙa can. Jerin 7000 da ya fito a ƙarshen 2023 yana farawa daga ƙwaya 24 a 7960X, ya kai 64 a 7980X, na PRO kuma ya kai ƙwaya 96 da hanyoyin ram 8 da layukan PCIe 128, wato hanyoyin da ke haɗa firosesa da kati da SSD. Na ɗauki takarda da biro na rubuta duk abin da zan soka a kwamfutar: katin girafik ɗaya, SSD uku, da katin sadarwa mai sauri don ma'ajiyar bidiyo. Firosesan AM5, wato soket ɗin AMD da 9950X3D yake hawa, yana ba da layuka 24 da za a iya amfani da su, 16 na katin girafik, sauran 8 na SSD da makamantansu, ragowar kayan kuma su bi ta cifset, sashen madabod da ke haɗa su da firosesa. Lissafina ya shiga ciki, ko da yake babu rara sosai. Sannan na ja layi uku a takardar na haɗa kuɗin kowace hanya gaba ɗaya, firosesa da madabod da ram da na'urar sanyaya. A nan Threadripper ya fita da kansa. Kuɗin madabod ɗinsa ya ninka na AM5, ram ɗinsa na musamman ne irin na manyan sabobi, firosesan kansa yana cin wat 350, kuma bayan duk wannan kashe kuɗin a gem ba zai kamo firosesa mai ƙarin kash ba. Wanda zai sa katin girafik biyu ko uku, ko yake buƙatar ram mai ɗaruruwan gigabait, shi aka yi wa shi. Ni ban kai can ba, kuma na ji daɗi da takarda ce ta gaya min, tun kafin aljihu ya gaya min.

Da gwaje-gwajen 9950X3D suka fito sai hankalina ya kwanta. A gem yana dab da 9800X3D, a aiki kuma yana daidai da 9950X ko ya ɗan gota shi. Tazarar kuɗi tsakaninsa da 9800X3D ta isa sayen babban SSD mai kyau, don haka sai da na sake tambayar kaina ko ƙwaya 8 ɗin nan na ƙari za su biya kansu. Tunda matse bidiyo shi ne abincina, amsar ba ta yi wuya ba. Wani abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne AMD ya yi alkawari a 2024 cewa zai ci gaba da soket AM5 har 2027 ko fiye, kuma an ga yadda ya riƙe AM4 tun 2016 na tsawon shekaru.

Na ɗauka da na tsayar da firosesa an wuce wajen, ashe takardu uku suna jirana, kuma duk a shafin kamfanin madabod suke. Ta farko jerin firosesoshin da madabod ɗin yake ɗauka, tare da lambar BIOS da kowanne yake buƙata. Ta biyu jerin ram da aka gwada a kansa. Ta uku littafin madabod ɗin kansa, wanda nake roƙon kowa ya sauke ya karanta kafin ya biya ko sisi. A cikin littafin wani madabod da na kusa ɗauka na ga wani ɗan jadawali da ƙananan rubutu, yana cewa idan ka sa SSD a gurbi na biyu, layukan katin girafik za su sauko daga 16 zuwa 8. Wannan bayanin ba ya kan kwali, ba ya cikin talla. A madabod masu cifset X870 da X870E dole ne a sa USB4, kuma sau da yawa daga layukan firosesa ake yanko masa 4, shi ya sa ake samun irin wannan rabon. Na canza zuwa wanda SSD na biyu da na uku suke bi ta cifset, katin ya riƙe layukansa cif. A batun ram kuma na so in cika gurabe huɗu, sai na ga a takardar AMD cewa da sanda biyu saurin da aka lamunce shi ne DDR5-5600, da sanda huɗu kuwa yana saukowa zuwa 3600. Don haka na ɗauki sanda biyu masu gigabait 48 kowace, jimilla 96, masu saurin 6000, wanda shi ne inda firosesoshin AM5 suka fi zama lafiya.

Firosesa irin wannan ba ya zuwa da fanka a kwalinsa, wannan ma kuɗi ne da ake mantawa da shi a lissafi. An rubuta masa wat 170, yana kuma kaiwa wajen 200 idan an cika shi. Na zaɓi na'urar sanyaya ta ruwa mai tsawon milimita 360, bayan na auna cikin akwatin kwamfutar na tabbatar za ta shiga ba tare da ta tokare ram ba. Babbar fanka mai hasumiya biyu ma tana iya riƙe shi, sai dai za ka fi jin ƙararta a dogon aiki. Na'urar ba da wuta kuwa da katin girafik na auna ta, domin shi ne ya fi kowa ci.

Wajen saye na dage a kan na cikin kwali, mai garantin kamfani na shekara 3, na ƙi wanda ake sayarwa tsirara ba kwali, wanda garantinsa yake hannun mai sayarwa. Da ya iso ban yi gaggawar yage shi ba. Na duba hatimin, na leƙa ta 'yar tagar kwalin na gwada lambar siriyal da ke jikin ƙarfen da wadda ke kan takardar waje, na ɗauki hotonsu, na ajiye rasit a inda ba zai ɓata ba. An taɓa samun jabun firosesa a kasuwa, murfin ƙarfe mai kyau babu komai a ƙarƙashinsa, don haka wannan binciken na minti biyu ba ɓata lokaci ba ne.

Ranar haɗawa, kafin in taɓa firosesan sai da na sabunta BIOS. Na sauke fayil ɗin, na sa masa sunan da littafin ya ce, na zuba a filas da aka tsara a FAT32, na soka a ramin USB ɗin da aka yi wa alama a bayan madabod, na haɗa wuta, na danna ɗan maɓallin. Wata 'yar fitila ta yi ta ƙyaftawa na wasu mintuna, ban taɓa komai ba har ta mutu da kanta. Sannan aka zo wajen da hannu ke rawa. A AM5 alluran suna cikin soket ne, guda 1718, sirara ƙwarai, idan ɗaya ta lanƙwashe madabod ya shiga matsala. Na ɗaga sandar, na buɗe murfin, na riƙe firosesan ta gefe da yatsa biyu, na daidaita 'yar alamar kusurwa uku mai ruwan zinare da takwararta a soket, na sauke shi a hankali ba tare da dannawa ba. Ya zauna da kansa. Da na mayar da sandar, wadda take buƙatar ƙarfi fiye da yadda mutum yake zato, baƙin murfin roba ya fito da kansa. Na ajiye shi, domin ana neman sa idan za a mayar da madabod. Na ɓare ledar da ke ƙasan na'urar sanyaya, na shafa man da ke isar da zafi, na ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan.

Da na danna maɓallin kunnawa fankoki suka juya, fitilar ram a jikin madabod ta kama, sikirin kuma baƙi ƙirin. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Duk da na karanta cewa haka ake yi, sai da gabana ya faɗi. A tashin farko madabod yana gwada ram ne yana daidaita shi da firosesa, kuma idan ram ɗin yana da yawa abin yakan ɗauki mintuna. Wanda bai sani ba zai kashe ya fara kwance kaya, alhali babu abin da ya lalace. Na haɗe hannuwana na jira, can sai tambarin ya bayyana. Alhamdu lillahi. A cikin BIOS na tarar ram yana gudu ƙasa da abin da aka rubuta a kwalinsa, na kunna EXPO, saitin da ke sa ram ya kai saurin da aka rubuta masa, ya sake yin wani jiran, sannan ya hau 6000.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya keɓanta da irin wannan firosesan, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Ƙwaya 16 ɗin a gida biyu suke, 8 a nan 8 a can, kuma gida ɗaya ne kawai yake da ƙarin kash. Dole Windows ya san cewa idan gem ne, gidan mai kash zai tura shi. Na sa sabon Windows 11 daga tushe maimakon in ɗauko tsohon SSD da kayansa, na sa direban cifset daga shafin AMD, na sabunta Xbox Game Bar domin da shi ake gane cewa abin da aka buɗe gem ne, na bar tsarin wuta a kan Balanced. Sannan na gwada: na buɗe wasan jirgin, na leƙa zanen zaren, na ga rabin farko suna aiki, rabin ƙarshe sun kwanta. Wani tsohon wasa da ba a gane shi ba, na danna Windows da G na yi masa alama da hannu cewa gem ne, ya koma daidai. Na bar MemTest86 ya kwana yana bincikar ram, da safe babu kuskure ko ɗaya. Na sa dogon aikin matse bidiyo ina kallon zafi a HWiNFO, ya tsaya ƙasa da iyakarsa ta digiri 95 da tazara mai kyau. Tsinkewar nan ta kan birni ta ragu ƙwarai, aikin da nake barin kwamfuta da shi in tafi kuma yanzu ina zaune yake ƙarewa.

Ga wanda zai bi wannan hanya, shawarata ita ce ya fara da kallon kwamfutar da ke gabansa tana aikinsa na gaskiya, kafin ya saurari kowa, har da ni. Idan ya ga gem ne mafi yawan abin da yake yi, aikin nasa kuma katin girafik ne ke ɗauka, kamar renda a Blender, to 9800X3D ya ishe shi, ya zuba ragowar kuɗin a kati, a nan zai fi ganin amfaninsu, musamman idan a 4K yake wasa. Idan aiki ne zalla, gem ɗin na lokaci-lokaci ne, 9950X ko 285K za su yi masa ba tare da ya biya kuɗin kash ɗin da ba zai mora ba, kuma mai tace bidiyon 4:2:2 da katinsa ba ya warware shi ya dubi Intel da kyau. Firosesa mai haɗa biyun na wanda da gaske yake cika ƙwayoyi da rana ya kuma buga wasannin da ke wahalar da firosesa da dare ne. Kada kuma a yi lissafin kuɗin firosesa shi kaɗai, domin shi ne yake zaɓa maka soket, soket ya zaɓa maka madabod da irin ram, zafinsa kuma ya zaɓa maka na'urar sanyaya. Sunayen da na ambata za su tsufa, sababbi za su fito, amma takardun nan uku na shafin madabod suna nan ga kowane zubi.

Akwai kuma abu ɗaya da zai biyo baya bayan an gama haɗawa. Duk lokacin da ka sabunta BIOS, saitunansa sukan koma yadda suka fito daga kamfani, EXPO ya mutu, ram ya sauko ƙasa ba tare da wani gargaɗi ba, kwamfutar kuma ta ci gaba da tashi kamar babu abin da ya faru. Bayan kowane sabuntawa ka shiga BIOS ka sake kunna shi, ka duba saitin fankoki, sannan ka bari ta yi jiranta na daidaita ram har ta gama.